Shinkafar Gonar Tsoho Yim

Shekarar da hukuma ta ce a dawo da bikin wata, ruwa ya yi wa mutanen Kampong Roka ta'adi. Kogi ya cika ya wuce inda ya saba tsayawa, ya kwanta a kan gonakin fadama, bai janye ba sai da shinkafa mai saurin nuna ta ruɓe a tsaye. Babbar shinkafa dai ta sha, amma ita sai sanyi ya shigo take nuna. Wadda ake bukata don biki, mai danƙon nan da ake yanka tun tana da sauran kore a soya a daka ta zama ambok, gona ɗaya tak ta rage da ita a duk ƙauyen, a kan tudu bayan giginyu.

Sarom ba ta san da wannan ba ranar da Lok Ta, babban malamin gidan ibada, ya aika a kira ta. Mace ce da ta haura arba'in, mijinta ya daɗe da mutuwa, tana zaune da 'yarta Kolab, suna noma 'yar gonarsu suna kuma ƙyafa kifi. Ta tuɓe takalmi ta hau zauren, ta durƙusa daga nesa ta haɗa tafin hannu. Rufin wurin har yanzu rabi kwano ne rabi ganyen giginya, don a zamanin masu baƙaƙen kaya, mayaƙan da suka taɓa mulkin ƙasar, an mai da shi turken aladu.

"Uwar Kolab, wata ya kusa cika," in ji Lok Ta. "Na tambaya wa ya iya dakan ambok yadda ake yi a da, kowa ya nuna mini gidanki."

"Lok Ta, ai akwai maƙwabciyata Maly."

"Maly ce ta fara nuna ki. Ta ce ita faifai kawai take riƙewa a gidanku, mahaifiyarki ba ta taɓa bari ta je kusa da kasko ba."

"An daɗe. Na manta."

"Za ki tuna. Yaran nan da suka taso babu wanda ya taɓa ganin an gaida wata. In mu da muka rage muka tafi ba mu nuna musu ba, shi ke nan ya wuce."

Sarom ta dubi tabarmar da take kai. Ta ce, "To ina za a samo shinkafar? Tawa ta ruɓe, ta Maly ma haka."

"Yim ya ce a yanke gonarsa duka."

Ba ta ɗago ba. Lok Ta ya ce a hankali, "Ba na garin nan a lokacin, amma an gaya mini. Ban ce ki yafe masa ba, ban ma ce ki gaishe shi ba. Shinkafa na ce ki daka."

Ta yi sallama ta sauko ba ta ce e ko a'a ba.

Abin da aka gaya wa Lok Ta kowa a Kampong Roka ya san shi, ban da Kolab. A zamanin masu baƙaƙen kaya an hana kowa hura wuta a gidansa. Zaure ɗaya ake zuwa a miƙa kwano, a zuba maka ruwan shinkafa da kana iya hango gindin kwanon ta cikinsa. Kolab tana ƙarama a lokacin, ƙafafunta suka kumbura, har ta kai ta daina kuka. Kaka ta yi, wata ya cika, ba mai ikon ko ɗaga kai ya ce yau ranar biki ce. Thol, mijin Sarom, wanda a da shi ke riƙe da ragamar jirgin tseren ƙauyen, ya dawo daga gona da 'yan zangarniyoyi naɗe a ƙyallen wuyansa. Ya soya su a fasasshiyar tukunya bayan bukka, ya daka da dutse, ya tauna, ya riƙa sa wa yarinyar a baki kaɗan-kaɗan.

Ƙamshin ɗanyar shinkafa a kan wuta ba ya ɓoyuwa, balle a garin da kowa ke jin yunwa. Yim ne mai gadin gonaki a lokacin. Ya biyo ƙamshin har bayan bukkar, ya tsaya ya duba, ya juya ya tafi. Washegari samari biyu masu bindiga suka zo suka ce Thol ya taso, za a kai shi karatu. Suka bi da shi ta bayan giginyu. Bai sake dawowa ba.

Kolab ta rayu. Abin da ta sani shi ne an tafi da babanta kamar yadda aka tafi da uban wance da na wane. Da zamanin ya wuce, Yim ma bai fita da komai ba. Matarsa da 'ya'yansa maza sun hallaka lokacin da masu baƙaƙen kayan suka koma cin junansu. Ya zauna shi kaɗai a kan tudu, hakiya tana rufe masa ido. Wani lokaci Kolab kan ɗebo masa ruwa don tausayi, Sarom kuwa ba ta taɓa hana ta ba, don in ta hana sai ta faɗi dalili.

Da Sarom ta isa gida daga wajen Lok Ta ta tarar labari ya riga ta. Buntha, ƙanen Thol, yana zaune a ƙarƙashin gidan, tsakanin dirkokin da ke ɗauke da shi, sandarsa jingine da turken ɓauna. Soja ne a da, nakiya ta ɗauke masa ƙafar hagu daga gwiwa, yanzu yana ɗinkin komar masunta yana shan bammi.

"Yaya, wai gaskiya ne abin da na ji a bakin kogi?"

"Ban san me ka ji ba. Can ai ba abin da ba a faɗa."

"Wai za ki daka shinkafar mutumin nan."

"Ban ce zan daka ba."

"Ba ki kuma ce ba za ki daka ba. Na san ki." Ya kurɓi bammin. "Shi ya kai ƙarar yayana saboda shinkafar da ba ta cika tafin hannu ba, yanzu ya ba da gona guda a ce masa mutumin kirki. Ke kuma ki soya masa, ki daka masa, ki bakace masa."

"Rage murya, yarinyar tana sama."

"Wace yarinya? Ta isa aure. Jiya na gan ta ɗauke da tulu tana hawa tudun can, sai da bammin nan ya yi mini ɗaci."

"Buntha, ranar da ka buɗe baki ka gaya mata, kada ka sake hawa matakalar gidan nan."

"Da wace ƙafar nake hawa dama?" Ya yi dariya shi kaɗai, ya jawo sandarsa ya miƙe. "Ki daka in kin ga dama. Amma in ya tako harabar gidan ibada ranar nan, ni da shi ne. Ki gaya wa Lok Ta."

Bayan ya tafi Kolab ta sauko da murnarta. 'Yan mata sun riga sun gaya mata uwarta ce za ta shugabanci daka, har suna rigimar wa zai riƙe taɓarya. Ta zauna kusa da Sarom tana tsinke ƙayar kifi, ta ce, "Inna, wai yaya ɗanɗanonsa yake? Ni fa ban taɓa ci ba."

Sarom ta dube ta. Doguwa ce kamar ubanta, ƙafafunta lafiya lau, ba alamar sun taɓa kumbura.

"Za ki ci," ta ce. "Je ki duba in turmin kakarki bai tsage ba."

Ana gobe biki samari suka yanke gonar, suka kawo dammunan a keken shanu. Yim ya biyo bayan keken yana dafe da gefensa don kada ya ɓace hanya. Ya tsaya a bakin shinge bai shigo ba. Ya rame ƙwarai, wuyansa kamar na kazar da aka fige. Da samarin suka shiga sauke kaya, Sarom ta zo bakin shingen kamar za ta shanya tsumma. Rabon da ta tsaya kusa da shi haka tun ranar da ya leƙa bayan bukkarsu.

Shi ya fara magana. "Uwar Kolab, ta gindin tudu ta fi nuna. A fara da ita."

"Kada ka zo gobe."

"Lok Ta ya ce in zo."

"Ni na ce kada ka zo. Buntha ya rantse."

"Na ji." Ya juya idanunsa masu fari wajen da muryarta ke fitowa. "Na gaji da zama a can sama ina jin mutane daga nesa. In Buntha ne, ai na daɗe ina jiransa."

"Ba don kai na faɗa ba. Ba na so ya ƙare a kurkuku saboda irinka."

Ya gyaɗa kai, ya koma ya dafa keken da ba komai a ciki yana jiran a juya shanu.

Tun da sassafe ranar biki mata suka cika ƙarƙashin gidan Sarom. An tattake dammunan da ƙafa, an hura wuta a murhu, an ɗora kaskon ƙasa. Sarom ta ɗebi ƙoƙo ɗaya ta zuba, ta shiga juyawa da tsinken gora. Da ƙwayar farko ta fashe, ƙamshin ya taso ya buge ta a fuska. Ta miƙa wa Maly tsinken, ta zaga bayan ayaba ta amayar da duk abin da ke cikinta. Ta kurkure baki ta dawo. Shinkafar farko ta ƙone a hannun Maly.

"Kin gani ko?" in ji Maly, mace mai ƙiba da ba ta rufe baki. "Uwarki ta san abin da take yi da ta hana ni kasko. Karɓi abinki."

Ta biyu ta yi daidai. Sarom ta juye ta da zafinta a turmi, Kolab da wata yarinya suka kama daka, ita kuma tana zura sanda tsakanin saukar taɓarya tana juyawa. Da farko 'yan matan suka riƙa karo da juna.

"Ke, ba mijinki kike duka ba, sassauta," Maly ta ce wa ɗayar. "Ke kuma Kolab, ɗaga hannu. Wannan dakan naki ko sauro ba zai mutu ba."

"Goggo, ki zo ki gwada mana mu gani mana."

"Ni na yi nawa tun ba a haife ku ba. Yanzu aikina ɗanɗanawa."

Kafin rana ta ɗaga sun kama kiɗan. Ƙwayoyin suka baje suka zama falle-falle, fari da ratsin kore, aka bakace ƙaiƙayi a faifai. Sarom ta ga hannunta yana yin abin da ya saba ba tare da ta gaya masa ba, hakan kuma bai yi mata daɗi ba.

Kolab ta share zufa ta ce, "Wai me ya sa wata ake ba wa? Shi ya noma?"

Maly ta gyara zama. Ta ce a can farkon duniya wani baƙo ya zo daji da yunwa, duk dabbobi suka kawo masa abin da suke da shi. Zomo ba shi da komai sai ciyawa, sai ya ce a hura wuta, ya faɗa ciki don baƙon ya ci. Ashe baƙon daga sama yake. Ya tsamo shi ko gashinsa bai babbake ba, ya zana hotonsa a jikin wata. Shi ya sa ake ajiye ayaba da gwaza da ambok, duk abincin da zomo ke so.

"Ƙarya take yi muku," in ji mijin Maly, wanda ya zo da kwakwa ya tsaya yana neman abin lasawa. "Guzurin mayaƙa ne. Da can sarki ya kori abokan gaba a kan ruwa, mayaƙan jiragensa ambok suke ci don ba ya bukatar wuta. Shi ya sa ake tseren jirage."

"Kai ka ga sarkin?"

"Ke kin ga zomon?"

"Daren nan zan nuna maka shi, in bammi ya bar maka ido."

Aka yi dariya. Kolab ta ce, "Inna, ke fa?"

Sarom ta ci gaba da juya kasko. "Kakarki cewa take yi duk biyun an ƙara musu gishiri. Kafin kaka rumbu ya ƙare, yara suna kuka, shinkafa ba ta gama nuna ba. Wata uwa ta kasa jira ta yanko ɗanya. Daga nan aka fara. Zomo da sarki daga baya suka shigo."

Ba wanda ya yi dariya a wannan. Maly ta saci kallonta, ta ce wa 'yan mata su ci gaba, rana na yi.

A da sai wata ya kai tsakiyar sama ake cin ambok. Amma a shekarun nan har yanzu akan ji harbi daga daji in duhu ya yi nisa, don haka Lok Ta ya ce a yi komai da zarar wata ya fito. Rana na faɗuwa harabar gidan ibada ta cika. An jera tebura da ayaba nono-nono, da kwakwa, da gwaza da dankali dafaffe, da kwandunan ambok a tsakiya. Wata ya taso ta bayan kogi, ja, ƙato. Mutane suka durƙusa suka haɗa hannu, malamai suka yi karatu. Tsofaffi da yawa suna hawaye, yara kuwa ayabar suke kallo. Aka kunna kyandirori a jikin sandar gora, aka riƙa juya ta a hankali, kakin yana ɗiga a ganyen ayaba, dattawa suka sunkuya suna gardamar ko ɗigon ya nuna ruwa mai yawa baɗi ko kaɗan.

Sarom ba ta ga ko ɗaya da kyau ba. Idonta yana kan Yim, wanda ya zo ya zauna can gefe a gindin bishiya, babu kowa kusa da shi. Ta nemi Buntha ba ta gan shi ba, har ta fara sa ran bammi ya kwantar da shi.

Sai aka buga ƙararrawa, aka shiga ciyar da juna. Al'adar ita ce ka ɗaga kai ka dubi wata, wani ya cika maka baki da ambok da ayaba, ya riƙa tambayarka ko da daɗi, kai kuma ba halin amsawa. Harabar ta kaure da dariya. Maly ta danne mijinta tana cusa masa. Kolab ta zo da gudu ta ɗura wa uwarta, Sarom ta tauna ta haɗiye.

Tana haɗiyewa ta hango Buntha. Ya fito daga bayan zaure, sanda a hammata, ɗan kwando a ɗaya hannun, ya nufi gindin bishiya. Ya jefar da sandar ya zube a gaban Yim.

"Tsoho, ba wanda ya ba ka? Shinkafarka ce fa. Ɗaga kai ka dubi wata."

Yim ya ɗaga kai ya buɗe baki. Buntha ya cika hannu ya zuba masa, ba ayaba, ba ruwan kwakwa, busasshe.

"Da daɗi?"

Na kusa suka yi dariya, wasu har da tafi, don sun ɗauka sulhu ake yi. Buntha ya ƙara wani hannun, ya ƙara wani. Ya kama ƙeyar tsohon da hannun hagu, ya danna da tafin dama.

"Na ce da daɗi? Kana jin ƙamshin? Ai kai gwanin jin ƙamshi ne."

Dariyar ta mutu. Ƙafafun Yim suka shiga shure ƙasa, amma bai ɗaga hannu ya kare kansa ba. Mutane suka tsaya cirko-cirko, maza da yawa, ba wanda ya matsa. Sarom ta ga fuskokinsu a hasken wata, ta gane ba wanda zai matsa.

Ba ta san lokacin da ta isa wurin ba. Ta kama wuyan rigar Buntha ta fizge shi baya, shi kuma da ƙafa ɗaya bai iya tokarewa ba, ya faɗi rigingine. Ta kifa Yim a kan gwiwarta, ta zura yatsu a bakinsa ta kwaso abin da ta iya, ta riƙa dukan bayansa da dunƙulen hannu, duka na gaske, har da wanda ya wuce bukata. Ya yi wani irin kakari, ya amayo, numfashi ya dawo masa da ƙara kamar ana jan zarto. Maly ta miƙo kwakwa. Sarom ta ajiye masa a ƙasa kusa da hannunsa, ta miƙe.

Buntha yana zaune a turɓaya yana kuka kamar yaro.

"Shi kika ceta, Yaya? Shi?" Ya waiga ya hango Kolab a tsaye, ragowar ayaba a hannunta. "Ke, kin san wa kike ɗebo wa ruwa? Ubanki ya soya miki abin nan kina bakin mutuwa, wannan ya kai shi. Saboda cikin cokali biyu da kika ci aka kashe yayana."

"Buntha," in ji Lok Ta daga kan matakala. Bai ɗaga murya ba, amma maganar ta riga ta fita.

Kolab ta dubi uwarta. Sarom ta so ta ce ƙarya ne, giya ce ke magana, amma sai ta sunkuyar da kai. Yarinyar ta ajiye ayabar a kan tebur, ta ratsa mutane ta fita. Biki ya watse ba a ci rabin kwandunan ba.

Sarom ta same ta zaune a matakalar gida. Ta zauna a ƙasa da ita. Ana jin mutane suna wucewa a hanya suna magana ƙasa-ƙasa.

"Ashe na taɓa ci," in ji Kolab.

"Kin taɓa."

"Saboda ni ke nan."

"Ba saboda ke ba. Saboda yunwa, da waɗanda suka kawo ta, da bakin Yim. Babanki ya san abin da zai biyo baya tun kafin ya hura wutar. Na hana shi, ya ce in koma ciki."

"Kika bar ni ina hawa tudu da tulu a kai. Har godiya yake yi mini, yana ce mini jikata."

Kolab ta sunkuyo ta dubi uwarta.

"To don me kika cece shi?"

"Ban sani ba." Ta murza yatsunta, har yanzu da danƙo a jikinsu. "Shekara da shekaru ina fatan in ga mutuwarsa. Sai na ga mutum yana shaƙewa da abin da na soya da hannuna, ban iya tsayawa ba. Kada ki ɗauka na yafe masa."

Kolab ta tashi ta shige ciki ta ja tabarmar ƙofa.

Muryar Yim ba ta dawo daidai ba. Kafin a fara yankan babbar shinkafa wani ɗan ƙanwarsa ya zo daga wani lardi ya tafi da shi, da zafi ya shigo aka ji ya mutu a can. Ba a kai Buntha ƙara ba, ba wanda ma ya tayar da maganar. Shi da kansa ya tattara komarsa ya koma wajen masunta a ƙasan kogi. In ya haɗu da Sarom a kasuwa yakan kau da kai.

Kolab ta yi girbi tare da uwarta, lauje kusa da lauje, tana amsa abin da aka tambaye ta kawai. Ba ta yi rashin kunya ba, ba ta kuma yi kuka a gaban kowa ba, wannan ne ya fi damun Sarom. Da aka gama sussuka ta ce za ta tafi babban gari wajen wata 'yar'uwarsu mai sayar da ƙyafaffen kifi a kasuwa. Sarom ba ta hana ba. Ta ɗaure mata kifi da shinkafa da tulun daddawar kifi, ta raka ta bakin kogi da safe.

Jirgin ya cika da mata da kwanduna da agwagi, mai jirgi yana ta fama da injin da ya ƙi tashi. Kolab ta shiga ta zauna a gefe, ta ɗora ƙunshinta a cinya. Can sai ta ce, ba tare da ta dubi uwarta ba, "Wane irin mutum ne babana?"

Sarom ta tsuguna a bakin ruwa. Ba ta shirya wa tambayar ba, sai abin da ya fara zuwa mata ta faɗa. Ta ce bai iya huɗa ba, kunyarsa kullum a karkace take, maƙwabta suna yi masa dariya. Ta ce yana tsoron ƙwado, namiji guda. Ranar da ya zo neman aurenta ya sa rigar aro da ta yi masa kaɗan, da ya sunkuya gaida mahaifinta ta yage tun daga wuya har ƙugu, ya gama gaisuwar a haka, ya fita da baya.

Kolab ta ɗan murmusa, ta ce, "Sai aka ba shi?"

"Kakanki ya ce..."

Injin ya tashi da ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, mai jirgi ya tura da gora. Sarom ta ɗaga murya ta ƙarasa maganar, amma ba ta san ko an ji ba. Kolab ta faɗi wani abu ita ma, tana nuni da hannu, wataƙila cewa take sai ta dawo. Sarom ta tsaya har jirgin ya sha kwana, sannan ta hau gangaren. Ta bar shinkafa a shanye, kajin Maly kuma ba su da kunya.